Layin da Ke Cikin Waya

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikata. Yaya aiki? Haƙoran yarinyar sun fito, ko har yanzu tana hana ku sakat? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Ki yi haƙuri da rubutun, hannun da ya fara riƙe biro bayan shekara hamsin ne. Na zaɓi takarda saboda duk lokacin da kika kira waya Babanku yana gefe, kuma tun da idonsa ya yi rauni kunnensa ya ƙara kaifi. Ko murya na rage sai ya ce me ake ɓoye masa. Kawunku direba zai kawo miki.

Maganar idon ce. Likitan ƙaramin asibiti ya haska, ya ce yanar ta rufe na dama gaba ɗaya, na hagun ma ta kama hanya. Ya ce aikin ba wuya in an yi a kan lokaci, amma in an bar ta ta daɗe tana iya ɓata idon yadda ko an cire ba zai amfana ba. Akwai likitocin ido da za su zauna a babban asibitin gwamnati wata uku suna wannan aiki, in sun tashi sai baɗi. Auta, ban ga alamar idon nan zai kai baɗi ba. A shago da lalube yake aiki. Yatsunsa sun san cikin kowane keken ɗinki, amma in ƙaramin noti ya faɗi ƙasa sai ya zauna jiran wani ya shigo ya duba masa. Makon jiya wata mata ta ɗauke kekenta ba a gama gyara ba, ta ce za ta kai wani wuri. Ranar bai ci abinci ba, wai cikinsa ne.

Ran Talata muka yi sammako zuwa babban asibitin don mu karɓi kati. Muka tarar da tagar a rufe, an manna takarda. Na tsaya na karanta ta a hankali mutane suna ture ni: wai layin ya koma cikin waya. Babanku ya tambayi mai gadi, to in layi yana cikin waya, a ina mutum zai tsaya? Mai gadin ya yi dariya har da riƙe ƙofa, sannan ya kwatanta mana ɗakin taimako a ofishin gwamnati da ke kusa da gidan waya.

Ɗakin benci huɗu ne, da fanka mai ƙara, da tebur ɗaya. A bayan teburin akwai wata mata gajera, za ta yi arba'in da 'yan kai, da tabarau rataye a wuya. Mutanen benci suna kiranta Danna-da-Kanka. Ban gane dalili ba sai da layi ya zo kaina. Na miƙa mata wayar da kika saya min da katin shaidar Babanku. Ta duba katin ta mayar min, wayar kuwa ko yatsa ba ta ɗora mata ba. Ta jawo kujera kusa da tata ta ce in zauna, ta harɗe hannuwanta. Na gaya mata gaskiya, karatuna na ajin manya ne, shekara huɗu kacal. Ta ce, "To ai kin fi ƙarfin wannan aikin, Mama. Danna koren can."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Abin da za ta gama kafin in gyara mayafi, sai da muka kusa awa biyu. Ta nuna min da baki inda ake mayar da shafin zuwa harshenmu, da inda ake ƙara wa rubutu girma. Sau uku ina ɓata lambar katin, sau uku tana cewa in goge in sake, fuskarta ba ta sauya ba. Wani mai jaka a bayana ya fara tsaki, ya ce shi ma'aikaci ne, yana da abin yi. Ta ce masa ya matso ya kalla da kyau, nasa zai zo da sauƙi. Da aka zo ɗaukar hoto Babanku ya ɗaure fuska tamau, ta ce masa ba kotu za a kai hoton ba. Ni na ɗauka, kunnensa ɗaya bai fito ba, muka sake.

A ƙarshe allon ya rubuta an karɓa. Ta sa na zaɓi lambar sirri na riƙe a kaina, ta ce za a turo saƙo da ranar aiki. Na tsaya ina jiran takarda, ta ce babu. Duk hanya Babanku yana mita, wai shekararsa sittin da bakwai bai taɓa ganin abin gwamnati ba hatimi ba sa hannu ba, an dai sallame mu cikin dabara.

Ni ma abin yana cina. Ke da kika yi boko, gaya min, sunan mutum yana zama a inda ba takarda?

Ki gaishe da maigidan. Ki riƙa rufe wa yarinyar ƙirji da safe.

Ni ce,
Ummanki

*

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya, kuma zazzaɓin maigidan ya sauka. Amsarki ta iso, na karanta sau biyu, na gode da sabulun.

Yau kwana ashirin da uku, shiru. Wayar tana ɗaure a bakin zanina ko wanka zan shiga. Maman 'yan biyu ta bayan gidanmu ta yi wa surukarta rajista mako guda bayanmu, a gaban matar nan mai tabarau, kuma har an yi aikin, jiya aka kwance wa tsohuwar bandejin ido. Na je dubiya na same ta tana tsintar tsakuwa a shinkafa. Na yi mata murna, Allah ya sani, amma da na dawo sai na shige bayan gida na yi kukana na wanke fuska.

Babanku bai ce ai na gaya miki ba, amma yadda yake gyaran murya in waya ta yi ƙara ya fi faɗin ciwo. Abokinsa Tela Dogo kullum yana shagon yana zuga shi. Yau ya ce ana sayar da hotunan mutane ne, gobe ya ce sai wanda ya san wani a ciki. Shawararsa mu je wurin mai shagon kwamfuta na bakin kasuwa, shi ba ya wahalar da kowa, karɓar kati yake ya yi maka komai, har ya buga maka takarda mai launi ka riƙe. Babanku ya ji takarda, hankalinsa ya tafi can. Na ce a ƙara haƙuri. Ban san me ya sa na ce haka ba, sai dai matar nan ba ta yi min kama da mai sallamar mutane cikin dabara ba. Wanda yake son ya rabu da kai ba ya ɓata awa biyu a kanka.

Kin ce in gaya miki lambar sirrin ki duba daga can. Auta, ranar da kika ba ni wayar nan ke kika sa na maimaita sau uku cewa ba zan ba kowa lambar sirri ba, ko da ke ce, don ana iya kwaikwayon muryarki. Takarda kuma hannu nawa take bi kafin ta iso? Kawunku mutumin kirki ne, amma a aljihun gaba yake sa ta tare da rasit ɗin mai. Ba zan rubuta ba.

Ɗaya gargaɗin naki ma ina riƙe da shi, ki kwantar da hankalinki. Duk saƙon da ya zo ba suna ba na ko buɗe shi. 'Yan damfarar sun matsa min kwanan nan, wata gajeriyar lamba ce mai biyar-biyar a ƙarshe, sau uku tana turowa. Ina gani nake gogewa. Ba za su same ni ba.

Jiya Babanku ya zuba shayi a gefen kofi, ya ƙone yatsa. Ya ce teburin ne ya karkace. Na ce haka ne, zan sa a duba ƙafarsa.

Ki sa mu a addu'a. Ki sumbaci jikata.

Ummanki

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Gaisuwar yau gajera ce, don zuciyata ba ta zauna ba, kuma in ban rubuta ba ban san wa zan gaya wa ba.

Ni ce, Auta. Ni na yi.

Ran Laraba na ce wa Babanku zan je kasuwa, na wuce ɗakin taimako. Na yi layi tun tara har sha ɗaya. Matar ta gane ni, har ta tambayi mai gyaran keken da ba ya dariya a hoto. Na ce mata an manta da mu. Ta ce in buɗe shafin in sa lambar sirrina, ta kau da kai har na gama. Ashe duk kwanakin nan ina iya shiga in duba da kaina, ni na ɗauka sai a ofis yake buɗuwa. Ta ce in karanta abin da ke ƙarƙashin sunansa. Na karanta da ƙarfi, a gaban mutane. An ba shi rana sau uku. Kowane karo ana jiran amsa kwana uku, ba a amsa ba, aka ba wani. Yanzu sunansa ya koma ƙarshen layi, mutum ɗari biyu da wani abu a gabansa, likitocin kuma saura mako biyar su tashi.

Ta tambaye ni ko saƙo bai shigo ba, daga lamba mai biyar-biyar a ƙarshe. Ban san lokacin da na zame daga kujera na zauna a ƙasa ba.

Na jira faɗa, don ni da kaina da zan samu mai mari da na gode. Ta tashi ta ɗebo min ruwa a kofinta, ta ce wa mutanen benci su ba ta minti goma. Ta sa na ba ta labarin tun daga ranar da kika ba ni wayar. Da na gama ta cire tabarau ta murza ido, ta ce, "'Yarki ta koya miki daidai, ke ma kin yi daidai. Mu ne muka turo saƙo ba suna, kamar ɓarawo." Ta jawo wani littafi ta nuna min shafi: ni ce ta goma sha ɗaya da ta rubuta, duk tsofaffi, duk 'ya'yansu ne suka gargaɗe su. Ta ce ta rubuta wa na sama da ita sau biyu a sa sunan asibiti a kan saƙon, a kuma rubuta shi da harshen da mutum ya zaɓa, yau za ta rubuta na uku. A gabana ta fara.

Na roƙe ta, Auta. Na ce ta dubi girman Allah ta mayar da shi gaba, tunda ta ce laifin ba nawa ba ne. Har na kama gefen rigarta. Ta ce ba ta da mabuɗin layin, kuma ko tana da shi, wanda za ta ture shi ma mijin wata ne. Maganar ta yi min zafi a lokacin. A hanya na yi ta juya ta, na tuna shekarun da muke tsayuwa a taga tun asuba, wani ya zo da rana tsaka ya shige ta ƙofar baya muna kallo. Ban taɓa jin an ce ba a iya tura kowa gaba ba, sai a bakinta.

Amma ba ta bar ni haka ba. Ta ce kullum akwai masu fasawa, wani tafiya ta kama shi, wani tsoro. In mutum ya fasa, gurbinsa yana fitowa a shafin wajen ƙarfe tara zuwa goma na safe, wanda ya fara gani ya danna shi ne da shi. Ta sa na gwada hanyar sau biyar, fita da shiga, har yatsana ya daina tambayata. Ta ce in daina jiran saƙo, in riƙa zuwa da kaina ina dubawa, kuma duk wanda ya kira ya nemi lambar sirri, ko ya ce daga asibiti yake, in kashe.

Na ambaci mai shagon kwamfuta. Ba ta zage shi ba. Ta ce yana da sauri, amma lambar wayarsa yake sa wa kowa, saƙon mutum ɗari yana shiga waya ɗaya. Mahaifiyarta haka aka yi mata takardun gidanta, mai shagon ya tashi ya bar gari, suka shekara biyu suna neman hanyar shiga abin da yake nasu. Tun daga nan ta ce ba za ta ƙara taɓa wayar kowa ba. Ta san sunan da ake kiranta da shi, ta ce ya fi wanda 'yan gidansu suka sa mata daɗi.

Na ɗauko sabulu biyu cikin wanda kika aiko zan ba ta. Ta shinshina ta ce yana da ƙamshi, ta mayar min cikin jaka da kanta.

Kada ki ɗora wa kanki komai, ban rubuta don haka ba. Ban gaya wa Babanku ba tukuna. Na dawo ba cefane, na ce kasuwar ba kaya. Kwana biyu ke nan ina kallonsa yana lalube bango zuwa ƙofa, ni kuma na san wa ya ja masa.

Ummanki

*

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gidanki. Na ji muryarki ran Asabar, na san kin yi kuka kafin ki kira, ba sai kin ce mura ba ce. Na ce kada ki ɗora wa kanki, ki ji maganata.

Na gaya masa. Ran Lahadi da safe, yana shan shayi, na zauna a gabansa na faɗa tun daga farko ban rage ba. Ina jiran ya kira Tela Dogo, ko ya ce dama. Sai ya tambaye ni, da gaske an ba shi rana sau uku? Na ce da gaske. Ya ce ashe sunan yana nan. Wannan ne ya tsaya masa, ba abin da na yi ba. Daga baya ya ce shi ma da saƙo zai zo masa ba sallama ba suna, korar sa zai yi. Bai ƙara tayar da maganar ba.

Kin san gidanmu, shafi ba ya buɗuwa a waya sai a saman matakala, kusa da tankin ruwa. Kullum ƙarfe tara saura nake hawa. Rana ta biyu na ji motsi a bayana, ashe shi ne ya biyo ni yana ƙirga matakala da sanda. Na yi faɗa, ya ce layinsa ne, zai tsaya a ciki. Tun ranar shagon ba ya buɗuwa sai goma da rabi. Ya zauna a kan bokitin da aka kife, ni ina tsaye ina ɗaga waya, in karanta masa: babu gurbi. Ya ce sake. In sake. Maman 'yan biyu tana shanya ta hango mu, ta ce tsofaffi sun koma zance a saman bene. Ya ce mata ai bashin zancen ne bai gama biya ba tun na farko.

Kwana takwas babu. Rana ɗaya ruwan sama ya hana shafin buɗuwa sam, wata rana kuma gurbi ya fito, kafin in gama karanta ranar wani ya riga ni. Ranar ban iya cin abinci ba. Na je ɗakin taimako don in ji ko akwai wata dabara, na tarar da kwaɗo a ƙofa, wai an tura matar nan mai tabarau ta horar da wasu na mako guda. Na tsaya a barandar kamar marainiya. Sai na ga wata tsohuwa da jaka ita ma tana leƙen taga, takardar haihuwar jikanta take nema. Na nuna mata inda ake sauya harshe da inda ake ƙara girman rubutu, iyakar abin da na sani ke nan. Ta yi ta sa min albarka kamar na yi wani abu.

Yau Talata, tara da minti goma sha biyu, gurbi ya fito. Alhamis mai zuwa, ƙarfe takwas. Na danna kafin in gama numfashi. Sai shafin ya ce an riƙe min na minti biyar, in sa lambar katin shaidarsa don tabbatarwa, ga agogo a sama yana raguwa. Auta, katin yana ƙasa, cikin akwati, ƙarƙashin gado, mabuɗin kuma a cikin wata jakar. In na sauka shafin zai katse. Gwiwoyina ma ba za su kai ni su dawo da ni a minti biyar ba. Na ce masa mun rasa, na fara salati.

Ya ce, "Ke, natsu. Rubuta." Ya fara karanto lambar daga kansa, biyu-biyu, yadda yake karanto lambar injin keke. Ashe tun ranar da na ɓata ta sau uku a gaban matar nan yana zaune yana ji, ta zauna masa. Na danna lambobi sha ɗaya cif, na karanta masa ya ce haka ne. Sai ga saƙo daga mai biyar-biyar. Na buɗe shi, na kwashe lambobi huɗun da ke ciki na sa. Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu allon ya yi kore.

Na zauna a kan matakala. Shi kuwa ya ce in karanta masa abin da aka rubuta, na karanta, ya ce in sake. Sau huɗu. Sannan ya ce duk da haka in kwafe lambar a takarda in sa masa a aljihu. Na kwafe. Da ya isa shago, Tela Dogo ya ce sai ya gani da idonsa. Babanku ya ce shi ma abin da yake nema ke nan.

Yanzu wani tsoron ya maye gurbin wancan. Wuƙa a ido, Auta. Kada ki taso, yarinyar ba ta isa doguwar tafiya ba. Addu'a kawai.

Ni ce mai ƙaunarki,
Ummanki

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidan, ina gaishe da mai haƙora biyu. Na san na gaya miki a waya an yi lafiya, amma kati ya ƙare ina tsakiyar magana, kuma akwai abin da ba zan faɗa yana ji ba.

Mun isa bakwai da rabi. Mai gadin nan da ya yi mana dariya shi ne a ƙofa. Na buɗe shafin na nuna masa, ya haska da wata na'ura, ta yi ƙara, ya ce mu wuce ɗaki na shida. Babanku ya zaro takardarsa ya miƙa, mai gadin ya ce ba a buƙata. Ya ce a dai duba. Mutumin ya duba don girmansa, ya ce ta yi kyau. Ba wanda ya tambaye mu wa muka sani. Takwas da kwata aka kira sunansa.

Minti arba'in na yi a benci. Na karanta duk takardun da ke bangon, har da ta wanke hannu, don kada in yi tunani. Aka fito da shi da farin bandeji a ido, yana ce wa ma'aikaciyar jinya na'urarsu tana buƙatar mai, ya ji tana ɗan gurnani.

Washegari muka koma aka kwance. Likitan ya ɗaga yatsu, Babanku ya ƙirga daidai. Aka nuna masa allo, ya karanta har layi na biyar. Likitan ya ce an zo a kan gaɓa, da an ƙara wasu watanni da labarin ya sauya. Na hagun kuma za a iya jira da shi, a sa shi a layi tun yanzu. Godiya kawai nake har ma'aikaciyar ta ce ya isa, Mama.

Da muka fito ya ce ba gida za mu ba, sai ya ga matar nan. Ta dawo daga horon, ɗakin cike. Ya tsaya a ƙofa da baƙin gilashin da aka ba shi, yana kallonta tana fama da wani dattijo mai neman lasisin shago, hannuwanta a harɗe. Ya ce min shi da yake jin muryarta ya ɗauka doguwa ce. Da ta hango mu ta taso. Ya gaya mata shi mai gyara ne, shekara arba'in, kuma ya san bambancin wanda yake gyara maka abu don ka dawo gobe da wanda yake gyarawa don kada ka dawo. Ya ce in tana da keke a gida, ko na maƙwabta ne, ta kawo. Ta yi dariya ta ce nata lafiyarsa ƙalau. Ta tambaya wa ya kama gurbin, na ce ni, a saman bene. Ta riƙe hannuna ta jijjiga. Ta ce takardarta ta uku an amsa, sun ce suna dubawa, ita dai ta fara rubuta ta huɗu. Sai ta koma wurin dattijonta, don layi yana jira.

A gida kuwa mun shiga uku. Ya ga tsagar bango, ya ga labulen ya koɗe, ya ga tabon shayi a tebur, ya ce shekara biyu muna zaune a haka ba wanda ya gaya masa. Shagon ma ya ce kamar an yi yaƙi. Ya tsinci noti goma sha tara a ƙarƙashin benci, ya jera su a faranti yana nuna wa duk wanda ya shigo. Likita ya hana shi sunkuyawa, ni ce mai tsaro, muna ta faɗa.

Jiya da la'asar ina tsefe kai a tsakar gida, na ji shiru ya yi yawa. Na ɗago na gan shi a bakin ƙofa ya cire gilashin, ya rufe na hagun da tafin hannu yana kallona. Na ce ya mayar, hasken zai dame shi. Bai mayar ba. Ya matso ya sunkuya, abin da aka hana shi, ya taɓa gefen kaina.

Ya ce, "Yaushe kika yi furfura haka?"

Na ce ta daɗe. Ya ce shi bai bar ni da ita ba. Na ce to ya je ya kai ƙara. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya karɓi matajin, ya ce in juya ya ga bayan.

Ku zo in yarinyar ta yi ƙwari. Ya ce hotonta da kika turo a kawo masa yanzu, don haka zan tsaya nan.

Allah ya yi miki albarka, ya raya mana ita.

Ni ce mahaifiyarki,
Umma